Gonar da Hoto Ya Ce Ba a Nomawa

Takardar ta iske Gwaggo tana gyara ƙotar fartanyarta a ƙofar gida. Ba ta iya karatu ba, kuma ba ta taɓa jin kunyar faɗin haka ba, sai ta miƙa wa tela, wanda shagonsa ke jingine da katangarta. Tela ya ɗauke ƙafa daga keke, ya karanta sau biyu, sannan ya ce an cire sunanta daga cikin masu samun takin tallafi na bana.

"Dalili?"

"Wai gonarki a yashe take. Wai ba a nomawa."

"Wace gonar? Wadda ka ci wakenta har sai da ka saki ɗinkin wandonka?"

Tela ya yi dariya ya ce shi dai abin da ke rubuce ya karanta.

Ƙasashe shida ne suka haɗa kai suka yi tarayya, suka buɗe asusu guda, kowace tana zuba nata, daga ciki ake ba manoma taki da iri. A da ma'aikaci ne ke zuwa da ƙafarsa ya duba gona. Bana aka ce yawon ya yi tsada, aka koma ɗaukar hoto daga sama. Gwaggo ba ruwanta da tarayya, abin da ta sani shi ne ƙasar gonarta ta gaji, idan ba taki, masara ba za ta wuce gwiwa ba, kuma ita ba ta da halin sayen na kasuwa.

"Ni fa Gwaggo, ba don ke ba ce, da na ce Allah ya ƙara," in ji tela. "Ko zare na saya sai an ɗora mini haraji, kuma an ce kusan rabin asusun nan manoma ke lamushewa. Wa ya taɓa ba ni ko allura kyauta?"

"Ranar da ba mu yi noma ba, sai ka dafa wa 'ya'yanka allurar."

Washegari ta tafi ofishin gona. Ɗaki ne mai benci uku da fanka ɗaya da ke juyi kamar ba ta so. Ta zauna tun hantsi har rana ta take tsaka, kafin aka kira ta gaban mai awon gonaki, wani magidanci mai furfura kaɗan a gemu, hannun rigarsa a naɗe. Ta ajiye masa takardar a tebur ba tare da ta zauna ba.

"Ɗan nan, wa ya ce ba na noma? Nuna mini shi."

"Iya, zauna tukuna. Ba mutum ba ne, hoto ne."

Ya juyo mata da kwamfuta. Ta daɗe tana kallo kafin ta gane hanya, ta gane kwari, sannan ta gane gonarta, wani ɗan fili ja fayau. Kusa da shi kuwa ga wani makeken kore shar, gonar maƙwabcinta da ake kira Mai Inji, saboda injinan ban ruwa huɗu da yake da su.

"Yaushe aka ɗauki wannan?"

Ya faɗa mata watan. Tsakiyar rani.

Gwaggo ta zauna. Ba ta ɗaga murya ba. "Ɗan nan, kai ɗan manomi ne?"

"Ƙwarai, Iya."

"To wa ke da kore a gona tsakiyar rani, in ba mai inji ba?"

Mai awo ya shafa gemu. Ya ce rana ɗaya ta ɗaukar hoto aka tsayar wa tarayyar gaba ɗaya, kuma a hedkwata aka tsayar. A manyan ƙasashe biyun da suka fi zuba kuɗi, lokacin ne amfaninsu ke tsaye a gona. Su nan sun rubuta sun yi bayani, an ce za a duba.

"Wato wanda yake da ruwa a ƙara masa taki, wadda ke jiran sama a share sunanta."

"Ban ce daidai ba ne, Iya. Amma akwai hanya."

Hanyar ita ce ya zo da kansa ya ga shaidar cewa an noma gonar bara: kunyoyi da gindin kara, a yadda suke. Kada ta share, kada ta ƙona, kada ta yi huɗa, sai ya zo. Ta dangwala yatsa a takardar koke. Da ta tambayi ranar zuwansa, ya nuna mata tarin takardu irin tata a gefen tebur, ya ce babur ɗaya ne ofis ke da shi.

"Ruwa kuma wa zai ce masa ya jira babur?"

Ya ɗora takardarta a kan tarin, ya kira na gaba.

Ta jira mako ɗaya, ta jira biyu. Kusan kowa ya yi sharar gona, hayaƙi na tashi ko'ina, tata kuwa tana tsaye da tsohon kara kamar kan da ba a tsefe ba. Wata safiya motar Mai Inji ta wuce ta a hanya, shaƙe da buhunan taki masu tambarin tarayya. Ya rage gudu ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi ƙafarta. Ta amsa masa da kyau, don ba shi ya ɗauki hoton ba.

Sai ruwa ya sauka, mai yawa, irin na shuka.

Tela ya leƙo ta taga ya ce, "Gwaggo, ki haƙura da takin nan. Ki share ki yi shuka, kada ki rasa duka biyu."

Ta san gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya ba ta haushi. Idan ta share, ta goge shaidarta da hannunta. Idan ta jira, danshi ya wuce. Ta tsaya a bakin gonar da ƙwaryar iri a hannu, tana kallon tsofaffin kunyoyin da ruwa ya lafar. An ce kada ta share, kada ta ƙona, kada ta yi huɗa. Ba wanda ya ce kada ta yi shuka.

Ta shiga tsakanin karan ta fara sara rami, kowane gindi biyu rami ɗaya a tsakiya. Aikin ya fi na kullum wuya nesa ba kusa ba. Ƙasa ba ta da laushi, busasshen kara na yankar ƙafa, zane na maƙalewa. Abin da take gamawa a kwana biyu ya ci mata biyar. Masu wucewa suna cewa Gwaggo ta tsufa har ta manta ana sharar gona. Ta ce musu su ma Allah ya kai su. Ta je ta gaya wa mata huɗu da aka cire sunansu su yi yadda ta yi. Ɗaya ce kawai ta saurare ta, matar wani direba, mai gonar da ke bayan tata.

Kwana goma sha tara bayan ruwan, ta ji ƙarar babur. Mai awo ya sauka, takalmansa duk taɓo, ya tsaya a bakin gona yana dubawa. Ga layin tsohon kara launin toka, ga sabuwar masara mai kunne huɗu ta fito a tsakani. Ya tsugunna ya jijjiga gindin kara ɗaya, ya ji saiwarsa a ƙasa take, ba kafawa aka yi ba.

"Iya, ke kika yi wannan duka?"

"A'a, hoto ne ya yi."

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa. Ya fito da igiyar awo, ya ba ta bakin ta riƙe, ya zagaya iyaka yana rubutu. Da ya gama ya ce sunanta zai koma, taki zai fito cikin kwana goma, bai makara wa masara ba. Amma ranar hoton ba a canza ba, baɗi ma haka za a yi.

"Baɗi ma za ka zo ke nan."

Ya miƙa hannu zai karɓi bakin igiyar. Gwaggo ta ƙi saki. Ta nuna masa gonar matar direba da haɓa.

"Iya, waccan sai jibi. Ba ta cikin na yau."

"Jibi babur ya lalace. Taku ashirin ne, ɗan nan. Zo, ni zan riƙe maka."

Ya dubi rana, ya dubi takardunsa. Ita kuwa har ta tsallake iyaka da igiyar a hannu, sai ya biyo ta.