Dalar Ƙaiƙayi

Buhun da Tambaya ya ɗaga bai kai nauyin ɗan akuya ba. Da hannu ɗaya ya cilla shi sama, sai kunya ta rufe shi kamar an kama shi da sata. Mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu yana hawa dalar gyaɗa a Kano da buhu a ka, yau shi ne ke jera buhunan ƙaiƙayin shinkafa a wani fili a bakin titin Kura, wai dala yake ginawa.

"Baba, a ja layin nan ya miƙe," in ji Malam Lukmanu, yana fifita da takarda. Jami'i ne daga wani ofishi a birni, wanda aka ɗora wa farfaɗo da fitar da kaya zuwa ƙasashen waje. "Hoto ba ya nuna abin da ke cikin buhu."

Tambaya ya ja layin. Duk yankin shi kaɗai ya rage da ya san yadda ake sarƙa buhu kan buhu har dala ta tsaya, shi ya sa mai unguwa ya tura shi. Baƙi za su zo jibi, kuma ba a so su koma ba su ga gyaɗar Kano ba. Gyaɗar da tun shekarar cuta, shekara goma sha biyu ke nan, ba ta ƙara shiga jirgin ƙasa ba.

"Sai abu ɗaya," Malam Lukmanu ya sassauta murya. "Buhun gaba dole a sa gyaɗa ta gaske a bakinsa, don za a buɗe. An ce kana da mai kyau."

"Iri ce, Malam. Ba ta ci ba ce."

"Aro ne, Baba. Kallo kawai za a yi."

* * *

Iyatu, matarsa, ta tsaya a bakin rumbu ta riƙe ƙugu.

"Malam, irin da ya tsira daga cuta za ka ba masu hoto?"

Ai ya fi ta sani. Shekarar da ganyen gyaɗa ya nannaɗe a duk gonakin ƙasar, kunya uku ce kawai ta tsira a gonar tudu da ya gada. Tun daga nan yake juya wannan iri, damina bayan damina, yana adana shi cikin ɓawonsa. Maƙwabta sun koma tumatir da shinkafa a bakin kanal ɗin ban ruwa, suna ce masa mai gadin kabari. Bana ne ya tara abin da zai cika gonar gaba ɗaya.

"Mai unguwa ya sa baki," ya ce, idonsa a ƙasa. "Kuma sun ce a ɓare. Wai ɓararriya ake kaiwa waje."

"Ɓararriya, ana saura kwana nawa ruwa ya sauka?"

Ta faɗi son ranta, sannan ta shimfiɗa tabarma. Da hannu suka ɓare ta, ƙwaya ƙwaya, don kada ko ɗaya ta tsage.

* * *

Ranar taro dala ta yi kyau, wannan ba a cewa komai. Tambaya ya tsaya a bayan igiya cikin jama'a, idonsa na kan buhu ɗaya.

Babban baƙo ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce in aka raba kayan da ƙasar nan ke fitarwa waje a kan kowane mutum, da can kowa yana da kasonsa na gyaɗa da auduga da fata. Da man fetur ya zo kason ya kumbura. Yanzu farashin mai ya faɗi, jama'a ta ƙaru, kason kowa ya tsuke. Aka yi tafi, kai ka ce albishir ya yi.

Tambaya ya shafa tsakiyar kansa, inda gashi ya daina fitowa tun yana saurayi. Nasa kason a nan ya ɗauke shi, buhu buhu, har bakin jirgi. Da ya kumbura ba wanda ya neme shi. Sai yau da ya tsuke aka tuna da rumbunsa.

Ana cikin haka iska ta kawo masa wani ƙamshi. Ya san shi, kowa ya san shi. Ya ga mata suna zagaya manyan baƙi da faranti, baƙin suna damƙa suna watsawa a baki, suna gyaɗa kai. Buhun gaba kuwa ba wanda ya buɗe shi.

Ya tsallake igiyar. Ɗan sanda ya tare shi da kulki, amma Tambaya ya riga ya kamo hannun rigar Malam Lukmanu.

"Ina irina?"

"Haba Baba, ba ka ji yabon da suke yi ba? Mun ga gara su ɗanɗana, ya fi kallo. Ragowar tana nan, za a ba ka." Ya zare rigarsa, ya bi bayan baƙi.

Ko a fuskarsa ba alamar ya san abin da ya yi, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Tambaya rai. An ba mutum aikin dawo da gyaɗa, bai san ba a soya iri ba.

* * *

Ragowar ta zo a ƙullin leda. Iyatu ta zazzage ta a faifai, ta daɗe tana tonawa da yatsa ko za ta dace da ɗanya guda ɗaya. Ta ɗauki ƙwaya ta ciza.

"Har da gishiri," ta ce.

Bayan kwana shida ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda ake shuka da shi. Tambaya ya je gonar tudu ya tsaya a kan kunyoyin da ya tayar tun bazara, ya dawo bai sunkuya ba.

Dalar kuwa ba wanda ya zo ya kwashe ta. Ta sha ruwa ta zauna, ta karkace gefe guda. Da Tambaya ya bi ta wurin bayan mako biyu, ya tarar 'yan ƙwayoyin shinkafar da suka ɓuya cikin ƙaiƙayi sun huda buhunan sun fito, kore shar, tun daga gindi har ƙololuwa. Awaki biyu suna kai, suna kiwo.