Ranar da Nuala Ta Ƙi Hawa Kafaɗa

Shekara tara Nuala Hession ta yi tana kansila kafin ta nemi kujerar majalisar ƙasa a Dublin, babban birnin ƙasarsu. A shekarun nan babu abin da ba ta bi ba: ramukan hanya, fitilar tsallaka titi a gaban makarantar firamare, matsuguni ga tsohuwar da ruwa ya ci ɗakinta. Har karnukan ƙauyukan bakin teku sun san ta, saboda yawan ƙwanƙwasa ƙofa.

Yau kwana na biyu ana ƙirga ƙuri'u a zauren wasannin garin, kuma tun da hantsi kowa ya gane kujerar ƙarshe cikin kujerun mazaɓar tata ce. Jama'arta sai raba shayi da burodi suke, bakin kowa har kunne. Ita kuwa idonta na kan Baffa Malachy, ƙanen mahaifinta, wanda ya riga ya tuɓe kwat yana naɗe hannun riga.

A al'adar garin, da zarar an faɗi sunan wanda ya ci, mazan da suka taya shi yawon neman ƙuri'a za su sungume shi a kafaɗa, su yi ta cilla shi sama. Nuala kuwa tana da ciki wata uku. Biyu sun zube mata kafin wannan, likita ta ce ta lallaɓa. Mijinta Fintan kaɗai ya sani, kuma sun yi shawara ba za su faɗa ba sai cikin ya yi ƙwari.

"Baffa, yau dai a yafe mini ɗagawar nan," in ji ta. "Bayana ke ciwo."

"Bayanki? Ke da na ga kin haure katangar gidan Cusack da karensu ya biyo ki?" Ya yi dariya. "Ni na ɗaga ubanki ranar da ya zama kansila. Ba ki kai Dublin ba har kin fara yi mana girman kai?"

Wasa yake, amma ta san haka gari zai ɗauka. Mutanen nan makonni suka yi suna bin ta gida-gida cikin ruwan sama, ba su nemi komai ba sai wannan lokacin.

Fintan ya raɗa mata, "Bari in ce ni na hana."

"Sai a ce sabuwar 'yar majalisa mijinta ke juya ta. A'a."

Ta kalli masu ƙirga suna ɗaure takardun ƙarshe. Kujera dai in ta kuɓuce za a sake zaɓe, ba kamar abin da ke cikinta ba. Ta kamo hannun tsohon, ta ja shi bayan tarin kujeru, ta faɗa masa komai, har da biyun da suka zube, waɗanda ba a taɓa gaya wa dangi ba.

Malachy ya cire hularsa, ya daɗe yana jujjuya ta.

"Wa ya sani?"

"Ni da Fintan. Sai kai."

"To a nan maganar ta tsaya," in ji shi. Ya share ido da bayan hannu, ya ɗauko kujera ɗaya. "Zauna, 'yar nan."

Da jami'in zaɓe ya karanta sunanta, zaure ya kaure da sowa, maza suka yo kanta. Sai suka tarar da Malachy tsaye a gabanta ya ware hannuwa.

"Ba mai taɓa ta."

"Haba dattijo, me ya faru?"

"Ita ai a mota ta yi yawonta. Wa ya tuƙa ta? Wa ya dafa, ya wanke, ya hau tsani yana liƙa hotunanta iska na kaɗa shi?" Ya nuna Fintan. "Ga wanda za ku ɗaga."

"Wannan ai bijimi ne, Malachy," in ji wani daga baya. "Sai dai a kawo tarakta."

"In ba za ku iya ba ku faɗa, in kira matanku."

Kafin Fintan ya nemi hanyar gudu sun riga sun cafke shi. Da ƙyar da nishi suka kai shi sama, yana roƙon su sauke shi don Allah, takalminsa ɗaya ya fice ya faɗa kan teburin 'yan jarida. Sunan Nuala suke ta rerawa. Ita kuma tana zaune tana dariya har da hawaye, mata na zuwa suna rungumar ta, Malachy na gefe yana gadi yana cewa a yi a hankali, ta gaji.

Can ya miƙo mata shayi mai zafi.

"Ranar da za ki fara shiga majalisa ni zan kai ki Dublin," in ji shi ƙasa-ƙasa.

"Baffa, da tuƙinka ai sai mu yini a hanya."

"To mu tashi da wuri."