Majigin da Ya Fille Kan Bakari

Saude ba ta son Gwadabe Mai Majigi da ke neman aurenta, kuma Allah ya sani ta yi ƙoƙari. Mutum ne mai gajeren wando da doguwar safa, wanda in ya zo zance yake share rabin hirar da labarin Kaduna, sauran rabin kuma da labarin kansa. Ita kuwa bazawara ce mai bandar kifi a bakin kasuwar Haɗejiya, hayaƙi ya kama zanenta har sabulu ya haƙura. Da tuni ta sallame shi, ba don abin da ya zo da shi wata ranar la'asar ba.

Ya durƙusa ya gai da mahaifiyarta Kulu, yana kaffa-kaffa da gwiwar safarsa, ya ce, "Inna, na samo muku mutuminku."

Cikin tsofaffin finafinan da aka turo wa motar majiginsa ya tsinci wani gwangwanin fim duk tsatsa. Turawa ne suka ɗauka a fadamar Baturiya, tun zamanin da fim ya fara magana. Ya ɗan gwada farkonsa a ɗakin ajiya: kogi, gorunan masunta, tsuntsayen dinya na tashi, sai ga wata murya tana waƙar kamun kifi. Wani tsohon masunci da ke wucewa ya tsaya cak, ya ce wallahi Bakari ne.

Bakari shi ne uban Saude. Ambaliya ta tafi da shi tun Saude tana goye a baya, ko gawarsa ba a samu ba. Ta tashi tana jin an ce dogo ne, an ce muryarsa tana tsallaka kogi, amma fuskarsa babu mai iya kwatanta mata. Ko Kulu, in an matsa mata, sai ta ce, "Marigayi dai mutum ne kamar mutane," ta tashi ta shiga ɗaki.

Saude ta matso kusa da shi. "Ka gan shi?"

"Ban kai wurinsa ba, gimbiya. Abin ya bushe kamar ganyen kuka, yana ta tsinkewa. Sati na yi ina liƙe shi, ni kaɗai, don a duk lardin nan ba wanda ya iya. Sau ɗaya zai ratsa inji, in an yi sa'a."

Sai ya zaro wasu ƙarafa biyu daga aljihu, don ba ya iya zama bai nuna wani abu ba. Kowanne da 'yar taga a tsakiya, wadda haske ke bi ya kai ga ƙyalle. Ɗaya tagarsa tsukakkiya, kusan tsawonta ɗaya da faɗinta. Ta ɗayan kuma shimfiɗaɗɗiya, gajera.

"Kin ga, da aka fara sa wa fim murya, sai aka gutsure gefen hoton aka ba ta wurin zama. Hoton ya tsuke, ya miƙe tsaye. To wannan tsukakkiyar ita ce tasa. Amma ni na sa tela ya haɗa mini alawayyo mai faɗin da ba a taɓa gani ba a garin nan. In na sa tsukakkiyar, hoton zai tsaya a tsakiya kamar ƙofar bukka, dama da hagu fayau. Sai a ce majigin Gwadabe ya rame."

"In ka sa mai faɗin fa?"

"Zai cika ƙyallen taf! Ɗan sama ne kawai da ɗan ƙasa za su tafi. Girgije da ruwa. Wa ya fito kallon girgije?"

"Sa tsukakkiyar, Malam Gwadabe."

Ya yi dariya irin ta wanda ya je Kaduna. Ta ƙi yi. Ta dube shi, idanunta sun ciko, ta ce, "Ni ba ƙyallenka zan zo gani ba. Ka nuna mini Baba yadda aka ɗauke shi. In ka yi, turo manyanka."

Ya dafa ƙirji. "An gama, ranki ya daɗe."

Ranar kallo, kafin a idar da magariba filin bayan kasuwa ya cika. Masunta sun taso daga Baturiya, wasu masu fataucin shanu daga Kafin Hausa sun fasa tafiya. Kulu da ta rantse ba za ta zo ba, ga ta nan a bayan mata, ta ja mayafi har hanci. Alawayyon kuwa ya miƙe tsakanin sanduna biyu, fari fat, mutane na ta santinsa.

"Kai, Gwadabe! Wannan ai ya isa likkafanin unguwa guda!"

"Anya hotonka zai cika shi?"

"Ina! Ko hoton Gwamna ba zai cika wannan ba."

Saude na kallonsa daga inda take zaune. Ta ga ya gyara safa. Ta ga ya dubi ƙyallen, ya dubi masu zolayar, bai dubi wajen mata ba. Ya sa hannu a aljihu, ya sunkuya kan injin.

Haske ya faɗa kan alawayyon, ya cika shi daga wannan sanda zuwa waccan. Fili ya ɗauki sowa. Nan take Saude ta gane wacce taga ya sa.

Kogin ya fito, ga masunta kwance a kan goruna suna tura homar kamun kifi. Sai muryar ta taso, siririya, tana ƙarƙara kamar an ajiye ta cikin yashi, amma mai daɗi, Allah mai daɗi! Tsofaffi suka fara amsawa ba su sani ba. Hancin kwalekwale ya shigo daga gefe, sai doguwar gwangwala, sai hannuwa biyu masu ƙarfi, sai ƙirji da laya a rataye.

Daga haɓa zuwa sama babu komai, sai duhun bayan kasuwa.

Gangar jikin tana tuƙi, maƙoshi na motsi, waƙa na fita daga inda babu baki. Can wani mai shanu ya ce, "To fa! Kada ne ya cinye kan, ko a gida ya bar shi?"

Dariya ta fashe. Wani ya ce ai shi ya sa kifi ba ya ganinsa. Wata tsohuwa ta hau salati. Kulu ta miƙe ta juya baya, ta kama hanyar gida.

Saude ba ta san ta tashi ba. Ta ratsa layin maza, ɗankwalinta na zamewa, ta tsaya a kansa. "Cire ta! Cire ta, marar alkawari!"

"Haba gimbiya, zai sunkuya yanzu, ki ɗan..."

"Ubana ne zai sunkuya wa ƙyallenka?"

Mutane suka ji, suka juyo. Da ya tsayar da injin ya canza a natse, da wataƙila an tsira. Amma tsayar da inji a gaban jama'a kamar amsa laifi ne, Gwadabe kuwa bai taɓa amsa laifi ba. Ya finciko ƙarfen alhali injin na gudu. Fim ɗin ya sarƙe. A kan alawayyon ƙirjin Bakari ya tsaya cak, wani ɗigo ya ɓullo a tsakiyarsa, ya kumbura, ya buɗe baki, ya lashe shi. Wuta ta tashi fuu. Direban motar ya fizgo faifan fim ɗin ya wurga a yashi, mutane suka watse suna ta tsalle.

Da hayaƙin ya lafa, Gwadabe na busa yatsunsa yana gaya wa duk mai saurare cewa kayan Turawan da ne ba su da inganci. Saude ta tsuguna tana tona yashin. Ta sami wani guntu da wuta ta bari, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta kai shi gaban fitilar mai shayi ta ɗaga.

Ga kwalekwalen, ga gwangwalar. Ga mutumin a tsaye, cikakke, da kansa da hularsa, har da sarari a samansa. Kan bai kai ƙwayar gero ba. Ta matso da shi, ta nesanta, ta goge hawaye ta sake dubawa. Ɗigo ne baƙi, ba ido, ba hanci.

"Kin gani ko?" in ji Gwadabe a bayanta, muryarsa har ta fara dawowa. "Ai yana nan. Ni ban taɓa masa kai ba. Maganar manya kuwa, ko jibi..."

Ta ƙulle guntun a bakin zanenta, ta miƙe.

"Turo su," ta ce. "Zan gaya wa Inna ta tare su a zaure. Sai su yi mata bayanin inda kan mijinta ya tafi da kansu."