Akwatin da ke shagon Baffa Gali

Saliha ta danna maɓallin, layin da ke kan allon kwamfutarta ya fara cika a hankali. Tana ɗakinta a unguwar Tsinga, inda ta killace kanta tun da korona ta kama abokiyar aikinta. Akwatin intanet ɗin da take gyarawa kuwa yana can unguwar Briqueterie, a saman kabad ɗin shagon ɗinkin baffanta Gali, tsakanin ƙullin shadda da gwangwanin allurai.

Gobe ne sunan jikan Baffa. Uban jaririn, Awwal, ya maƙale a Njamena tun da aka rufe iyaka, bai ga ɗansa ba sai a hoto. Ya roƙi a nuna masa raɗin suna ta bidiyo, amma rezo, wato sabis ɗin intanet, a gidan sai ya zo ya yanke. Da safe Saliha ta yi wa Baffa bayani cewa za ta sabunta manhajar akwatin daga nesa, kuma muddin fitilarsa na ƙiftawa ja, kada a raba shi da kuran, wato wutar lantarki. In aka yanke a tsakiya ya mutu ke nan, sabo kuwa ba zai samu kafin gobe ba. Baffa ya ce ya ji, ya tambaye ta ko ta karya kumallo.

Layin ya kai rabi sai ta jiyo kiran sallar azahar. Tun wata gobara da dutsen guga ya tayar a layinsu tana ƙarama, Baffa ba ya fita salla sai ya sauke babban makunnin shagon gaba ɗaya. Ba ya ma tunani a kai, hannunsa ne ke yi.

Ta kira shi bai ɗauka ba, yana alwala. Ta kira matarsa, Inna Kulsum, wadda ke suyar cincin ɗin suna a tsakar gida. Inna ta sauke kaskon ta nufi shagon da ke ƙofar gida. Saliha tana jin ƙarar silifas ɗinta, sannan muryar Baffa.

"Hajiya, matsa mini, za a ta da salla."

"Alhaji, 'yarka ta ce in ka taɓa wannan, kai za ka taka har Njamena ka kai wa Awwal labari."

"Ni ban ce haka ba, Inna," in ji Saliha, dariya na neman ƙwace mata.

Baffa ya karɓi wayar. Ya ce shi ba zai bar shago da wuta ba, Saliha kuma ta ce akwatin ba zai jure ba. Can sai ya ce a miƙo masa darduma. Ya zare wayar dutsen guga da ta kekunan ɗinki ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa a gaban kabad, ya yi sallarsa nan. Da ya idar ya zauna yana jan carbi, ido a kan fitilar, har ta koma kore.

"Ya warke?"

"Ya warke, Baffa."

"To, Allah ya ƙara masa lafiya."

Washegari Saliha ta shiga kiran daga Tsinga. Rezo bai yanke ba ko sau ɗaya. Liman ya raɗa wa yaro suna Nu'man, aka shafa fatiha, kowace kalma ta fito tar. Inna ta karɓi wayar da ake bidiyon da ita ta shiga ɗakin mai jego don Awwal ya ga jaririn, sai dai ta manna ta a kunne don ta ji ɗanta da kyau. Awwal yana ta cewa, "Inna, ɗan kunnenki nake gani," ita kuwa tana amsa masa da cewa kowa lafiya lau.

Saliha ta dubi allonta, komai kore. Wannan kam ba ta da hanyar gyara shi daga nesa.

Baffa ne ya leƙo, ya zare wayar a hankali, ya juya ta kan jaririn da ke barci. Awwal ya ƙura wa ɗansa ido, ba wanda ya katse shi.