Fulogin Motar Auta

Tun yana da gareji mutanen unguwa suke kiransa Mai Kunne. Bakanike ne da ba ya taɓa inji sai ya saurare shi. Mai mota zai tsaya, ya ce masa kada ya kashe, ya karkata kai ya lumshe ido, can sai ya ce bawul ne, ko ya ce fulogi ɗaya ya mutu. In aka kwance, haka ɗin ne. Da ƙarfi ya ƙare ya bar sana'ar, amma sunan ya biyo shi gida, har yau direbobi kan tsaya a ƙofarsa ya ji musu mota.

Abin da ya ɓoye wa kowa shi ne kunnen ya fara tafiya. Na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kuma kamar an cusa masa auduga. Ya koyi karanta leɓe, ya koyi yin dariya in ya ga ana dariya. Matarsa ma ta ɗauka miskilancin tsufa ne ke sa ta kira shi ya yi banza da ita.

Autarsa kiwon kaji take yi, ita da mijinta, wani mutum mai sanyin hali da ake kira Dogo. Suna da tsohuwar a-kori-kura da suke ɗaukar abincin kaji da kiret ɗin ƙwai. Wata safiya Dogo ya kawo motar. Ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya yi bayani a hankali, kansa a sunkuye saboda ladabi, don haka tsohon bai ga leɓensa ba, bai kuma tsinci komai ba sai kalmar fulogi. Daga baya ne ya san abin da aka gaya masa: motar tana wuyar tashi da safe, tana zuƙar mai fiye da da, in an taka totur sai ta riƙa fizga, kuma Dogo ya manta rabon da a canza fulogin.

Tela da mai shagon maƙwabta suna zaune a benci suna kallo. Mai Kunne ya sa aka tayar da injin, ya karkata kai kamar yadda ya saba. Abin da ya ji bai wuce gunjin ruwa a cikin bututu mai nisa ba. Akwatin sifanunsa na nan a zaure, da ya ɗauko ya zare fulogi ɗaya ya duba, da magana ta ƙare. Har ya yunƙura, sai ya ga tela ya ɗaga wa mai shago hannu yana cewa a yi shiru, likita na aiki.

"Lafiyarta ƙalau," in ji Mai Kunne. "Fulogin nan da sauransu."

Dogo ya yi godiya ya ja motarsa.

Ba a yi nisa ba ranar ɗauko sababbin 'yan tsaki ta zo. Auta da mijinta suka loda kwalaye a bayan motar, suka rufa tamfol, suka kamo hanya da rana tsaka. A hawan da ke bayan kasuwa motar ta fara fizga, ta yi tari, ta mutu. Dogo ya yi ta murza makulli har batir ya gaji. Motoci suka jeru a bayansu suna ta hon, babu inuwa, babu inda za a sauke kwalayen. Kafin a samu wanda zai ja su, kukan da ke ƙarƙashin tamfol ya ragu.

Gidan tsohon ya fi kusa, can aka jawo motar. Yana fitowa ya tarar da Auta tana buɗe kwalaye tana ware masu rai daga matattu, kuma matattun sun fi yawa. Hawaye take yi, bakinta bai tsaya ba. Ta ce ta sha gaya masa ya daina tuƙi kamar mai jin tsoron totur, shi ya kashe motar a kan hawa, ai Baba da kansa ya duba ta ya ce babu abin da ya same ta, ko shi ya fi Baba sanin inji ne? Da ƙarfi take faɗa, har maƙwabta suka leƙo. Mai Kunne ya daɗe bai ji magana tar haka ba, kowace kalma ta shiga. Dogo kuwa kwalaye kawai yake kwasa yana kaiwa inuwar zaure.

Tsohon ya shiga ya ɗauko sifana. Ya zare fulogin ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan tsumma. Duk sun yi baƙi ƙirin da hayaƙi, bakinsu ya cinye, tazarar da wuta ke tsallakawa ta buɗe har farcen babban yatsa zai shige ya yi wasa. Ɗaya ma jiƙe yake da fetur. Ko wanda ya fara koyon aiki jiya, in ya gansu zai ce a zubar. Ya tsaya yana kallonsu, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

"Auta, ƙyale shi," ya ce. "Ba laifinsa ba ne. Ya gaya mini fulogi ne. Ni ne ban ji motar nan ba. Ba na ji."

Wurin ya yi tsit, ko kuma shi ya ga bakuna sun tsaya. Tela ya tuna yana da ɗinki ya sulale. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa, hannu a haɓa. Dogo ya matso da sauri yana cewa ai fulogi kan mutu rana ɗaya, babu wanda zai iya sani. Tsohon ya gane ƙarya surukin nasa yake yi don ya rufa masa asiri, kuma wannan ya fi faɗan Auta ciwo.

Auta ta zo gabansa ta tsaya. "Tun yaushe, Baba?"

"An daɗe."

"Da ka gaya mini."

Ta juya wajen mijinta ta faɗi wani abu ƙasa-ƙasa da tsohon bai ji ba, ta karɓi kwano a hannun uwarta, ta durƙusa tana tsoma bakin sauran 'yan tsakin a ruwa.

Dogo ya je ya sayo sababbin fulogi. Mai Kunne ya ɗaura su da kansa, ya fara murzawa da yatsu kafin ya sa sifana, don hannu bai manta ba. Aka ara batir, bugu ɗaya motar ta tashi. Matattun 'yan tsakin kuma ya ce a bar masa. Ya haƙa rami a bayan gida, Dogo ya miƙo hannu zai karɓi shebur, ya hana shi.

Kwanaki suka wuce Auta ba ta leƙo ba. Shi ma ya daina zama a benci, in ya hango mota ta tsaya a ƙofa sai ya aika a ce yana kwance. Ranar da ta zo, ba ta zauna ba, ta ce ya sa riga su tafi asibiti. Likitan ya haska kunnuwan, ya tambayi aikin da yake yi. Auta ce ta amsa. Likita ya ce ƙarar inji ta shekara da shekaru ce ta yi ɓarnar, na hagu ba zai dawo ba, na dama kuma za a gwada masa na'ura.

Suna jiran a rubuta musu ranar dawowa, ya tambaye ta 'yan tsakin da suka rage, ko suna ci. Ta zagayo ta damansa, ta ce suna ci, har sun fara fiffike.