Gyadar Gida

Ni Barira ba na barcin rana. Duk wanda ya yi aiki da ni a ɗakin gwaje-gwajen nan ya sani, ɗalibin da na kama yana gyangyaɗi a gaban madubin hangen ƙwayoyin halitta sai ya sha faɗa. To ranar Laraba bayan azahar, zazzaɓin da na kwana biyu ina rainawa ya zo ya rama. Kaina ya yi nauyi, idona yana yaji, ga takarda a gabana na kasa juya ta.

Shekara tara ina bin ƙwayoyin halittar hanta, ina so in gane abin da ke sa su rikiɗe su zama ciwon daji. Watan jiya na tattaro gyadar ci daga gida goma sha biyu a garinmu, har da namu, don in auna gubar funfuna, wadda ke cin hanta a hankali. Abokin aikina ya ba kowane gida lamba don kada son rai ya shiga awo. Sakamako ya fito, gida na bakwai ya fi kowa guba, nesa ba kusa ba. Sunayen suna bayan takardar, ni kuwa na ƙi dubawa. A ɗakin jinya na benen da ke samana yayana Tanimu yana kwance, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, 'ya'yansa huɗu suna can gida wajen mahaifiyarmu Inna Tasalla. Na ɗora ido a kan madubi, wai ni mai aiki. Sai madubin ya zama rijiya, na zurma.

Ban bugu ba. Na sauka a kan ƙasa mai ɗumi da laushi, a bakin ƙofar wani jan birni, ganuwarsa tana numfashi. Wani tsoho yana zaune yana wasa wuƙa, ina ganinsa na gane shi. Baba Maikano ne, mahaucin kasuwarmu, wanda ya fara ɗora mini hantar rago a tafin hannu ina 'yar shekara shida. Ya rasu tun ina sakandare.

"'Yar Tasalla," ya ce, "an ce kin zama likitar hanta."

"Ba a yi ƙarya ba, Baba."

"Bakin dai yana nan. Tuɓe takalmi, gidan wani za ki shiga."

Muka shiga, sai na daskare. Subhanallahi! Gidaje ne iya ganin ido, kowanne kusurwa shida, kowanne da rijiya a tsakiyarsa, sun manne da juna kamar saƙar zuma. Koguna biyu ne ke shigowa birnin. Ɗaya ja ne jawur, yana tafe yana bugawa, Baba ya ce daga zuciya yake. Ɗayan ya yi duhu da kauri, daga hanji, yana ɗauke da duk abin da mai gida ya haɗiya: tuwo, shayi, ƙwayar magani, jiƙon saiwoyi. A gefen ruwan mutane ne kafaɗa da kafaɗa, dubu bisa dubu, ba mai magana. Wannan ya tsamo zaƙi ya kai rumbu, wancan ya kama guba ya murje ta a tafinsa har ta huce, ya zuba a wata koriyar magudana mai ɗaci. Ba sarki, ba mai tsawa, kowa ya san aikinsa.

Baba ya ɗaga wuƙa ya datse unguwa guda, ta faɗi cikin duhu. Na yi ihu. Ya ce in dai zuba ido. Sai ga mutanen da ke bakin yankan kowa yana rabuwa biyu, biyu suna zama huɗu, bango yana tsirowa, rijiyoyi suna buɗe baki. Da unguwar ta cika, suka tsaya cak, ba wanda ya ƙara ko ɗaya.

"Wa ya ce su tsaya?" na tambaya.

"Ke ce likita."

Wallahi na koyar da wannan a aji ya fi a ƙirga, na zana shi a allo, na kayar da ɗalibai a kansa. Ban taɓa jin ƙanƙantata ba sai ran nan. Hawaye ya zubo mini, ban ma share ba.

Muna tafe muka haɗu da wani dattijo mai sanda, yana bi gida-gida. Kowane ma'aikaci sai ya buɗe ƙirjinsa ya zaro wani dogon rubutu, dattijon ya karanta. In kuskuren kaɗan ne ya jira a gyara. In ya yi yawa sai ya dafa kan mutumin ya ce, "Kwanta, ka gama." Na ga wani ya ce to, ya naɗe kansa kamar tabarma, maƙwabta suka ɗauke shi, wani ya maye gurbinsa.

"Mai gadi ke nan," in ji Baba. "A nan mutuwa ma aiki ce, kuma ba a yin ta a makare."

Sai titin ya karkace, ƙasa ta yi tauri a ƙarƙashin ƙafata. Muka fito wata unguwa fara fat, gidaje sun hau kan gidaje, ba kusurwa, ba rijiya. Sun haƙa hanyoyi sun karkato da jan kogin zuwa wajensu, unguwannin ƙasa suna bushewa. Wani mai baki uku ya tare ni yana murmushi.

"Maraba da baƙuwa. Mu nan ba ma mutuwa."

"Wane aiki kuke yi?"

"Muna ƙaruwa."

"Sai kuma me?"

"Muna ƙaruwa," ya sake cewa, kafin ya rufe baki ya zama biyu.

Mai gadinsu yana zaune a kan dakali, wata ƙura mai kore-kore ta toshe masa ido. Suna miƙa masa rubutu a hargitse, shi kuwa yana gyaɗa kai yana cewa, "Daidai ne, daidai ne." Na kama kafaɗarsa na girgiza, na hura masa ido, na yi masa faɗan da nake yi wa ɗalibai. Bai ko san ina yi ba.

Can sama aka yi tari, birnin duka ya girgiza. Tarin nan ko a cikin dubu zan ware shi.

"Baba, birnin Yaya Tanimu ne?"

"Ɓarayi biyu suka haɗu a kansa. Ɗaya ƙwayar cuta ce, ta shigo jininsa tun yana goye, tana ɓalle ƙofofi. Wannan kin san ta. Ɗayan ƙurar nan ce da ta makantar da mai gadi. Bi ta ki ga gidansu."

Na bi ƙurar, ina keta kogi mai duhu, ruwa iya ƙirjina. Kogin ya yi ta tsukewa har ya zama zaure, zauren ya buɗe ga tsakar gidanmu, ga bishiyar lemo, ga turmi. Sama babu gajimare, sai wani faifai mai faɗin sararin samaniya yana juyawa, gyada tana gudu a kansa da ƙara irin ta ruwan sama a kwano. Hannu biyu ne ke riƙe da shi. A babban yatsan dama akwai tabon tafasasshen mai, tabon Inna.

Faifan ya yi magana, muryarsa a shaƙe. "Dama kasuwa, hagu gida. Dama kasuwa, hagu gida."

Ƙwayoyin gyada masu ƙiba da sheƙi suka gangara dama. Suna taɓa ƙasa suka yi ƙafafu, suka jeru suka zama hanya. A kan hanyar na ga akwatin ƙarfe, na ga farin takalmi da littattafai, na ga yarinya 'yar shekara sha ɗaya ta hau mota ba ta waiwayo ba. A ƙarshen hanyar farar rigar nan ce da ke jikina.

Waɗanda suka yamutse, masu baƙin ciki da kore-kore, suka gangara hagu suka faɗa turmi. Suka fito ƙuli-ƙuli, suka fito miya, suka fito kunun gyada a ƙwaryar wani saurayi da ya dawo daga gona. Ya sha, ya yi hamdala, ya girma, ya yi furfura, yana nan zaune yana sha.

"Inna, zubar da su!" na ƙwala.

Muryarta ta sauko a natse. "A zubar da abin da Allah ya ba mu? Ɗan ɗaci ne kawai, in ya ji wuta ya wuce."

"Ba ya wucewa, Inna! Wuta ba ta kashe shi!"

Ba ta ji ni ba. Na juya ga faifan cikin fushi, na ce masa tsinanne, shekara nawa kana wannan aiki ka yi shiru?

"Ni ba na zaɓe," ya ce. "Hannu ke zaɓe. Hannun kuwa ku yake so."

Ƙasa ta tsage, ƙananan kwanoni huɗu na 'ya'yan Yaya Tanimu suka tsiro a gaban turmi, a jere, kowanne da ɗan jan birni sabo fil yana numfashi a cikinsa. Masu gadinsu huɗu suka ɗaga kai suka dube ni, idonsu tar.

"Baba, in na gaya mata, baƙin ciki zai kashe ta. In na yi shiru..."

Ya ci gaba da wasa wuƙarsa. "Mu mahauta muna wasa ta sosai don kada dabba ta wahala. Ba ma nuna mata ita. Amma ba mu taɓa komawa gida ba mu yi aikin ba." Ya kamo hannuna ya ɗora mini wani abu mai ɗumi a tafi, ya rufe yatsuna a kai. "Kar ki buɗe sai kin isa."

Abin ya fara rawa a hannuna, yana kuka.

Waya ce. Na farka fuskata a kan tebur, rigata sharkaf da gumi, ana kiran la'asar. Na juya takardar kafin in sami damar jin tsoro. Gida na bakwai, Tasalla.

"Barira, ya jikin yayan naki?" in ji Inna. A bayan muryarta ina jin gyada tana gudu a kan faifai. "Tsinta nake yi. Gobe in dama masa kunun da yake so a kawo, yaran ma su samu."

"Inna, don Allah ajiye faifan nan. Bana masu kyaun ne na gida. Na hagun kar ki ba kowa, ga ni nan zuwa."

Ta yi dariya. "Kai, 'yan boko! Shekara arba'in ina haka, me ya same mu?"

Na ɗaga kai na dubi rufin ɗakin, inda ƙafafun gadon Yaya Tanimu suke. Na ce, "Inna, sai na zo," na ɗauki makullin mota.