Ranar Da Labaran Ya Rufe Ƙofa

Duk wanda ya taɓa shiga motar Labaran daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma ya san dokar gadar nan. In an iso, kowa ya sauka ya haye da ƙafa, sannan mota ta biyo wayam. Shi kuwa Labaran a buɗe yake barin ƙofarsa, ƙafa ɗaya a waje, don in katako ya karye ya dire ya tsira. In mun yi mishi tsiya sai ya ce mota ta maigida ce, rai kuwa nashi ne.

Gadar azara ce da katako, gara ta ci har ta gaji. Gefenta ga ginshiƙan siminti na sabuwar gada, tun kafin mulkin kai aka kafa su, sai aka ce kuɗi sun ƙare. Kowace shekara a zo a auna, a kaɗe riga a tafi. Wajen haraji dai ba a taɓa mantawa da mu ba. Har yau abin nan na ƙona mini rai.

A daminar da nake faɗi, saniya ta harbi Innata ta karya mata ƙugu. Mai ɗorin garinmu ya taɓa ya ce sai na Dutsin-Ma. Da ƙyar aka ɗora ta bayan mota bisa buhunan gero, sai da ta suma. Na zauna kusa da ita, goye da ɗiyata Ma'u.

Da hantsi muka iso gada. Ruwa jawur, yana tafe da rassa, har yana lasar azara. Mutane suka sauka suka haye, kowa na salati. Na roƙi maza su ɗauki Inna, Labaran ya ce katakon da santsi, ga ramuka, wanda ya zame da ita shi ke nan.

"To ni ba inda za ni," na ce mishi.

"Ke dai taurin kanki ya yi yawa. Sauka, ruwa ƙaruwa yake."

Na yi kunnen ƙashi. Sai Inna ta buɗe ido. Ni ce 'yar farinta, tunda ta haife ni kunya ba ta bar ta ta kama sunana ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan".

"Yahanasu," ta ce, "sauka da jikata."

Wallahi jin sunana a bakinta ya fi ruwan nan ba ni tsoro. Na sauka, ban ko iya hayewa ba, na tsaya nan bakin gada.

Labaran ya leƙo ya dubi Inna, ya dube ni. Sai na ga ya janye ƙafarsa ciki, ya ja ƙofa ya rufe.

Mota ta hau a hankali. Katako na kuka, azara na lanƙwasa, ruwa na tsartuwa ta ramukan. Na danne Ma'u a bayana har ta tsala ihu. A tsakiya wani abu ya ce ƙas, tayar baya ta nutsa, motar ta karkace. Na ga buhu ya zame ya faɗa, ruwa ya haɗiye shi. Addu'ar da na sani duk ta gudu daga bakina. Inji ya yi gurnani, ya sake yi, motar ta fizge ta hau tudu.

Ban gama hamdala ba tsakiyar gadar ta rufta, ruwa ya tafi da ita.

Ga su can, ga ni nan. Labaran ya ɗaga mini hannu ya ja mota, don Inna ba ta jira. Na hango hannunta ta tsakanin katakon bodi, ban san ko ni take nema ba.

Sai da ruwa ya janye na samu hayewa. Na tarar an riga an kai ta. Labaran ne ya nuna mini kabarin, ya ce har ta cika sunana take kira.